Bindigar Bafaranshe da Ƙwaryar Nono

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa. Akwai mutanen da muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya, yau in aka tambaye ni sunansu sai in yi ta lalube. Amma akwai wata safiya guda a bakin iyakar Jibiya da ta ƙi gogewa, kuma na tabbata da ita zan shiga kabari. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar nan, ina kuma jin shirun da ya biyo bayanta.

A lokacin ina sabon magidanci, ina aikin malamin dabbobi. An turo ni Jibiya in riƙa duba shanu da tumaki da raƙuman da ake shigowa da su daga Nijar, in yi wa masu bukata allura, in tsare waɗanda na ga alamar cuta a jikinsu. Shekarun nan ne da kuɗin fetur suka fara malalowa ƙasar nan. Wanda bai ga zamanin ba da wuya ya gane yadda aka yi. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ruɗe da sayayya. Masinja ya sayi keke sabo fil, akawu ya sayi babur, gidan da ba rediyo sai a ce ba su waye ba. Manyan motoci kuwa ba sa yankewa a hanyar Maraɗi, suna hawa da siminti da atamfa da kananzir, suna gangarowa da wake da fatu, da mutanen da fari ya koro suna neman aikin ƙarfi. Kowa da abin da ya ƙwallafa rai a kai. Ni tawa bukatar bindiga ce.

Wanda ya sa mini son farauta wani ma'aikacin kwastan ne da muke aiki kusa da juna. Ya girme ni sosai, don haka Yaya nake ce masa. Mutum ne marar yawan magana, mai tsari a komai. In an gama girbi, ranar da ba mu da aiki, sai ya goya ni a babur mu nufi wajen Riko ko Farfaru, mu bi gonakin da aka sare muna neman zabin daji da fakara. Tasa bindigar mai baki biyu ce. Da farko ni mai riƙon jaka ne, daga baya ya fara ba ni ina harbawa. Ranar da na kayar da zabuwata ta fari, na kawo ta gida maiɗakina ta yi mana farfesu, ranar ce cutar ta kama ni.

Sai dai irin tasa ba ita nake so ba. Na taɓa ganin wata a hannun wani injiniyan hanya, siririya, mai ƙananan harsasai, wadda in ka ja kunama ta tashi, sai ta tofar da kwanson ta ɗauko wani harsashin da kanta, ta jira ka sake ja. Wanda ya san zabi ya san amfanin wannan, domin in ka kuskure harbin farko, kafin ka sake ɗuri sun shige ƙaya. Na bi duk hanyar da ake bi, na je Katsina na dawo, na sake komawa, har aka ba ni izinin mallakar bindigar farauta. Daga nan na hau mota zuwa Kano, wani babban kanti da ke da lasin sayarwa. Suka fito mini da ita na riƙe, ta zauna a kafaɗata kamar don ni aka ƙera ta. Da aka faɗi kuɗinta, sai na mayar musu da ita a hankali, na yi godiya na fito. Abin da na ware bai kai rabi ba, ga jaririya a gida, ga ɗakin da nake son in yi wa rufin kwano kafin damina.

Ina cikin wannan hali wani direba ɗan Maraɗi ya same ni. Na san shi, yakan wuce ta wajenmu da kamiyo, wato babbar motar kaya, cike da fatu, mutum mai fara'a, ba ya wucewa bai miƙo mini goro ba. Ya ce ya ji ina cigiyar bindiga, kuma yana da irin wadda nake so. Wai wani Bafaranshe ne da ya yi wa tuƙi, cikin masu haƙa rijiyoyi lokacin fari, ya bar masa ita da zai koma gida, har da takardarta. Shi ba maharbi ba ne, bai taɓa harba ta ba, tana nan ƙarƙashin gado a naɗe, uwargidansa kullum tana masa mitar ya fitar da ita daga gidan. Kuɗin da ya ambata kuwa ko sulusin na Kano bai kai ba.

Da gudu na kai wa Yaya labari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce kada in yarda a tsallako da ita tukuna. Zamani ne da ake ɗaure 'yan fashi a jikin durom a harbe su a bainar jama'a, don haka bindigar da ba a san asalinta ba ba abin wasa ba ce. Ya ce mu je can ɓangarensu mu gan ta, mu gwada ta. In ta yi, shi da kansa zai tsaya a shigo da ita ta ƙofa, a biya abin da doka ta ce, a kai ta a yi mata rajista da sunana. Direban ya amince. Muka sa ranar kasuwar Jibiya da safe, tun da ranar yake saukowa.

Wurin da muka haɗu wata busasshiyar ƙorama ce, an ɗan wuce shingenmu, ba a kai ga duwan, wato shingen kwastan ɗin Nijar, ba. Yaya ne ya zaɓe ta saboda tana da gaɓa mai tsayi, ta fi mutum, wadda za ta tare harsashi. Direban ya ajiye motarsa a bakin titi, ya sauko da wani abu a naɗe cikin bargo. Da ya warware, sai da na haɗiye yawu. Ta fi ta Kano kyau nesa ba kusa ba. Ƙotarta jan katako ce mai sheƙi, an yi mata zane a inda ake riƙewa, ƙarfen baƙi wuluk babu tsatsa ko ɗigo. Yaya ya karɓa ya juya ta, ya gwama lambar jikinta da ta takarda ya ga sun dace, ya ɗaga ta sama ya leƙa cikin bakinta ya ce fes yake. Sannan ya hau gaɓar nan da kansa ya duba bayanta. Ya ce ba kowa, sai karan gero da wata 'yar hanyar ƙafa. Ya sauko ya kafa gwangwani a gindin gaɓar.

Na sa 'yan harsasai, na durƙusa na auna, na ja. Gwangwani ya yi tsalle. Na sake ja, ya sake tsalle. Ba ta da duka a kafaɗa, ba ta da ƙara mai toshe kunne. A raina na riga na saya, har na fara tunanin inda zan rataye ta. Muka zauna a kan yashi muka fasa goro, muka ɗan taɓa ciniki, direban yana ba mu labarin Bafaranshen nan da yadda yake cin barkono yana hawaye. Hira ta yi daɗi, hantsi ya ɗaga. Da za mu tashi, Yaya ya ce in cika gidan harsashin taf in sake gwadawa, don a ga ko tana sarƙewa in ta cika.

Na cika, na mayar da shi. Ina tsaye, na juya musu baya kamar yadda aka koya mini, bakin bindigar yana kallon gaɓa, ya ɗan ɗaga sama. Akwai wani ɗan ƙarfe a gefenta da ake ja baya a saki don harsashin farko ya shiga. Na ja, na saki.

Bindigar ta tashi da kanta. Yatsana ko kusa da kunama bai je ba, Allah shi ne shaida. Kuma ba sau ɗaya ta tashi ba. Ta ci gaba da amai a hannuna, tat-tat-tat, kamar ana yaga sabon yadi, ni kuma firgita ta sa na ƙara ɗaga ta maimakon in dunƙufar da ita ƙasa. Kafin in ce wani abu ta zazzage duk abin da ke cikinta ta yi shiru. Hayaƙi siriri yana fita daga bakinta. Sai muka ji ƙarar faɗuwar wani abu a bayan gaɓa, sannan kururuwar mace.

Ban san yadda na hau gaɓar nan ba. Na dai ga kaina a sama, hannuwana duk ƙasa. A kan 'yar hanyar nan da Yaya ya gani ba kowa ɗazu, wata matashiyar Bafulatana tana tsaye ta ɗora hannu a ka tana ihu, a gabanta kuma wata tsohuwa tana kwance a gefe ɗaya ba ta motsi. Masu tallan nono ne, sun nufi kasuwa, sun iso daidai lokacin da muke hira. Kan tsohuwar a jiƙe yake sharkaf, wani farin abu yana gangarowa ta goshinta zuwa wuya. Ni da na saba ganin jini da yanka, ranar hankalina bai ba ni cewa nono ba ne. Abin da ya zo mini shi ne na fasa mata kai.

Nan na zube a kan gwiwa. A ɗan wannan lokaci babu abin da ban gani ba. Na ga jandarmomi sun sa mini ankwa, na ga gidan yarin Maraɗi, ƙasar da ba tawa ba, na ga maiɗakina da goyo tana tsaye a bakin shinge an hana ta wucewa, na ga mahaifiyata ana gaya mata ɗanta ya kashe tsohuwa. Fiye da duk wannan, na ga ranar da zan tsaya gaban Ubangiji da ran baiwar Allah a wuyana, saboda zabi. Bakina yana ta maimaita innalillahi, amma ni kaina ba na jin muryata.

Yaya ne ya yi ƙarfin hali ya ƙarasa. Ya tsuguna kusa da ita yana kira a hankali, “Inna. Inna, kina ji na?”

Sai ta buɗe ido. Ta yunƙura ta zauna, ta sa gefen zane ta share fuska, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Wa ya jefe ni?”

Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba, kuma ban ƙara ji ba har yau. Na rarrafa na isa wurinta, na nemi izini na duba kanta, ina buɗa gashinta da yatsuna. Babu rauni. Na duba wuya, na duba kafaɗa, na sa ta ɗaga hannuwa. Ban da ƙujewa a gwiwar hannu inda ta faɗi, ba abin da ya same ta. Ƙwaryarta ce ta dare biyu, nono ya malale a ƙasa, curin man shanu ya yi birgima cikin yashi, faifan ya yi nasa wuri. Yaya ya ɗauko ɓari ɗaya ya nuna mini. Akwai 'yar huda zagayayya a jikinsa. Tsakaninta da inda ƙwaryar ke zama a kan gammo bai fi faɗin tafin hannu ba.

Direban kuwa ya zauna dirshan a ƙasa, ya cire hula, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce da ni, “Malam, wallahi ban san haka take ba. Ran da Bafaranshen zai tahi ya hwaɗa mini wata magana bisa kanta da Faransanci, yana nuna cikinta. Ni na aza yabonta yake yi.”

Ban iya yin fushi da shi ba. Ba ni da sauran ƙarfin fushi.

Ashe matashiyar, wadda surukar tsohuwar ce, ta riga ta sheƙa ruga da labarin an harbe Inna. Ba a jima ba muka hango maza suna tahowa da gudu ta cikin kara, da sanduna, wani har da takobi. Yaya ya sauka ya ɗauko bindigar, ya zare gidan harsashin, ya ajiye ta a fili nesa da mu, ya ce kowa ya tsaya inda yake, kada wanda ya gudu, kada wanda ya ɗaga murya. Na gaba a cikinsu wani dogo ne, ɗan tsohuwar, idonsa ja wur. Ya tambayi wanda ya yi harbin. Na ce ni ne. Ya ɗaga sanda.

Tsohuwar nan ta miƙe, jikinta duk nono, ta shiga tsakaninmu. Ta yi masa magana da Fulatanci, doguwa, ban ji ko kalma ba, amma na ga sandar tana sauka a hankali. Daga baya aka fassara mini. Wai ta ce ta ga fuskata lokacin da nake duba kanta, kuma a cikinmu biyu ni na fi ta kama da wanda aka harba. Sannan ta ce a nuna mata abin da ya fasa mata ƙwarya. Aka kai ta ta tsaya a kan bindigar tana kallo. Yaya ya yi mata bayanin cewa ba a ja ta ba, ita ta tashi da kanta. Ta juyo ta dube ni, ta ce da Hausarta mai karyewa, “Ɗana, me za ka yi da abin da yake magana ba a tambaye shi ba?”

Na sunkuyar da kai.

Ɗan nata ya ce shi dai ba za a rabu a daji ba, sai an je gaban mai gari. Muka ce haka ya kamata. Muka rankaya ƙauyen da ke kusa, aka shimfiɗa tabarma a gindin wata tsamiya, kowa ya faɗi abin da ya gani. Mai gari ya aika a kira jandarma. Muka zauna jira har muka yi azahar tare da mutanen da ɗazu suka zo da sanduna, kafaɗa da kafaɗa. Da jandarman ya iso ya saurari kowa, ya duba takardar bindigar da izinina, sannan ya kwance ta a gabanmu. Ya nuna mana wani ɗan mitsitsin ƙarfe a cikinta da ya siɗe, wanda shi ne ke riƙe ta har a ja kunama. Ya ce tana iya yin harbi lafiya yau, gobe ta yi abin da ta yi, kuma ba mai gane haka ta kallon waje. Ya yi wa direban faɗa sosai, ya naɗe bindigar ya tafi da ita, ya ce ba za ta sake komawa hannun kowa ba. Ni kuma, tun da wadda abin ya shafa ta ce ta yafe, ya ce in tashi in gode wa Allah.

Na biya nonon da ya zube da man, na ce zan kawo sabuwar ƙwarya. Na so in ƙara mata wani abu a kai, ta ƙi karɓa. Da ta ji aikina, sai ta ce in dai ina son in yi mata alheri, tana da wata saniya da ƙafarta ta kumbura ta ƙi warkewa, in zo in gani. Washegari na je da ƙwarya da magani. Na yi ta komawa har saniyar ta taka, kuma ban taɓa barin rugar nan ba a cika mini gora da kindirmo ba. Ɗanta da ya ɗaga mini sanda, shi ne daga baya yake riƙe mini shanu in ina allura.

Ranar da abin ya faru, da la'asar na shiga gida. Maiɗakina ta dubi hannuna ta ga ba komai, ta tambaya ko ciniki bai yiwu ba. Na karɓi jaririyar daga hannunta na zauna a bakin gado, na gaya mata duka. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma ce da ma ta faɗa ba. Da na gama ta tashi ta auno gero ta jiƙa, da safe ta dama kunu mai yawa aka kai ƙofar masallaci sadaka.

Na daɗe ban koma farauta ba, Yaya kuma bai matsa mini ba. Aka yi rufin ɗaki, damina ta zo ta wuce. Sai da wata kakar ta zagayo, na tara abin da ya sawwaƙa, sannan na roƙe shi ya raka ni Kano. Wadda na saya ba ta da zane, ba ta da sheƙi, ita ce mafi sauƙin kuɗi cikin sababbin da suke da su. Amma kafin in biya sai da na sa aka kwance ta a gabana aka nuna mini cikinta, aka kuma gaya mini inda zan riƙa kai ta ana dubawa. Ta yi mini shekaru masu yawa, ba ta taɓa tashi ba sai na ce ta tashi. Duk da haka ban ƙara ɗura ta ba sai bakinta yana kallon ƙasa, ban kuma ƙara yarda da cewa ba kowa a bayan tudu ba don kawai an duba ɗazu.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya zo neman shawarata, ko bindiga zai saya, ko mota, ko wani abin da ke iya taɓa ran mutum. Neman sauƙi ba laifi ba ne, kowa daidai aljihunsa yake saye. Amma ka san dalilin sauƙin kafin ka miƙa hannu, ka nemi wanda zai buɗe maka ciki ka gani, in babu shi ka haƙura ka jira. Domin in abin ya ɓaci, sau da yawa ba kai mai neman arahar ne za ka biya cikon ba. Wani bawan Allah ne can da bai san ana ciniki ba, ya fito neman abincinsa. Ni an yi mini rangwame, aka karɓi ƙwarya aka bar mini tsohuwa. Ba kowa ake yi wa haka ba.